KUKAN TALAKA A BAKIN MAWAƘI

 

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau, wata takarda ce da wani ɗan'uwa mai sayar da hatsi ya aiko mana. Ya ce ran nan yana zaune a rumfarsa, sai ya ji 'yan dako sun taru bayan buhuna, sun kunna wata tsohuwar waƙa ta Ɗan Maraya Jos a waya, wadda ke zancen mai akwai da mai babu. Suna saurare suna kaɗa kai, wani ma yana satar kallonsa. Abin ya sosa masa rai, ya tashi ya kore su, ya ce musu kiɗa haramun ne. Amma da dare ya yi ya kwanta, barci ya ƙi zuwa, zama ya sani a ransa ba haramcin kiɗa ya sa ya kore su ba, tun da shi kansa ya sha yi wa makaɗa kyauta a wurin buki. Saboda haka ya tambaye mu, shin irin wannan waƙa tana da wata fa'ida, ko kuwa zuga talaka ce kurum don ya ƙi mai arziki?

To, Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi gaskiya a kan kanka, don ba kowa ke iyawa ba. Tambayarka kuwa ba taka ba ce kai kaɗai, ta dukanmu ce, shi ya sa muka ga ya kamata a amsa ta a fili.

Mu fara da hukunci, don kada wani ya ce mun tsallake shi. Mas'alar kayan kiɗa tsohuwar mas'ala ce wadda malamai suka daɗe da saɓani a kanta. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin, ya hana sauraren kayan wasa da waƙar banza, kuma a kan wannan aka tarbiyyantar da yawancinmu. Imamu Gazali kuwa ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan saurare, inda ya nuna hukunci yana bin abin da ake faɗa, da halin mai faɗa, da halin mai ji. Ko a nan ƙasarmu, Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ba su zama baki ɗaya ba game da ganguna: Malam Abdullahi ya tsananta, Shehu kuwa ya sassauta cikin littattafansa na ƙarshe. Abin da waɗannan manya ba su yanke ba, ba mu ne za mu yanke shi cikin shafin jarida ba. Wanda ya guje wa molo da kalangu don tsantseni ya yi kyau, ba mu ce ya canja ba.

Amma fa akwai abin da babu saɓani a cikinsa, watau magana ita kanta. Waƙa zance ce da aka tsara, mai kyau cikinta mai kyau ne, mummuna kuwa mummuna ne. In mawaƙi ya ce leburan da ya wuni yana ɗaukar kaya ya kwana da yunwa, kuma haka ɗin ne, to tsirkiyar da ke hannunsa ba ta mai da gaskiyar nan ƙarya ba. Kana iya toshe kunne ga tsirkiya, amma leburan yana nan ƙofar rumfarka.

Masu karatu sun san labarin Huɗai'atu, mawaƙin nan mai kaifin harshe na zamanin Sayyidina Umaru. Ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badru zambo, aka kai ƙara, Umaru ya nemi ra'ayin Hassanu ɗan Sabitu, sa'an nan ya sa aka tsare shi. Yana cikin tsare ya aika da wasu baitoci yana ambaton 'ya'yansa ƙanana da ya bari ba ci ba sha. Da Umaru ya ji sai tausayi ya kama shi, ya sake shi, ya kuma ɗauki alkawari gare shi ya bar cin mutuncin Musulmi. Ku duba fa, mawaƙi ɗaya, sarki ɗaya, waƙa biyu: ta cin mutunci ta kai shi kurkuku, ta kukan yunwa ta fitar da shi. Wannan shi ne ma'aunin da muke so a riƙe cikin wannan zance duka.

Mu waiwayi tarihin ƙasarmu. Tun kafin hijira zuwa Gudu a 1804, Shehu da jama'arsa sun gane cewa manomi da makiyayi ba su karanta Larabci, don haka suka riƙa tsara wa'azi cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, ana rerawa a zaure da kasuwa da bakin rijiya. Cikin Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa zaluncin sarakunan wancan zamani ɗaya bayan ɗaya: jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa masu iko kafin a saurari mai ƙara, da kame dabbobin talakawa. Bayan an ci nasara kuma, da ya ga waɗansu daga cikin nasa sun fara bin wannan hanya, ya yi waƙar nan da aka sani da Tabbat Haƙiƙa, yana gargaɗin masu mulki da alƙalai da masu cin dukiyar talakawa. 'Yarsa Nana Asma'u ce ta juya ta zuwa Hausa, ita ce kuma ta kafa 'Yan Taru, jajis-jajis suna ɗaukar waƙoƙi a ka suna kai wa matan ƙauye. Ashe ke nan faɗakar da jama'a a kan zaluncin dukiya ta hanyar rerawa ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga waje, gadon zaurukanmu ne.

Haka kuma a zamanin Turawa. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ba ta da kuɗi, ba ta da 'yan doka, ba ta da fada. Abin da ta mallaka shi ne bakin mawaƙa, irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu, waɗanda a makarantar allo suka fara, suka san ƙafiya da ma'auni. Kafin su ga Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, ya riga ya share fage. A tsaya a dandali a rera waƙa a kan haraji da aikin tilas, kafin mako ya zagayo ta isa ƙauyukan da jarida ba ta zuwa, mai noma yana yi, mai daka tana yi. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa mawaƙa, kuma ba goyon bayan wata jam'iyya muke yi ba. Abin lura kurum shi ne, harajin kai da jangalin da aka shekara talatin ana kuka da su cikin waƙa, a 1979 Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Ba waƙa kaɗai ta yi wannan aiki ba, amma ita ce ta hana zancen mutuwa a bakin mutane har ranar ta zo.

Yanzu sai mu zo kan wanda Alhaji ya ambata. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015. Ubansa makaɗin fada ne, ya rasu yana jinjiri, uwarsa ma ba ta daɗe ba ta bi, sai sarkin garin ya riƙe shi, daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi. Ku tuna irin garin da ya tashi a ciki. Bukuru garin kuza ne. A 1942, da Japan ta kame Malaya inda Ingila ke samun kuzarta, Turawa suka sa aka riƙa ɗibar mutane tilas daga lardunan Arewa ana kai su ramukan Jos, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Ba a daina ba sai 1944, bayan sanyi da cuta sun kashe da yawa. Kuza ta tafi Ingila a jirgi, ramuka da marayu suka saura. Yaron da ya buɗe ido cikin irin wannan gari ba ya bukatar a karanta masa bambancin mai akwai da mai babu.

Kayan kiɗansa ma abin dubawa ne. Bai ɗauki tambari ko kotso irin na fada ba, sai kuntigi, watau gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda. Ba 'yan amshi, ba ayari, shi kaɗai. Kuma waƙar da ta fara fitar da sunansa ba ta sarki ba ce, ba ta attajiri ba, ta Karen Mota ce. Wane ne karen mota? Shi ne yaron da ke ɗora kaya, ya ɗaure su, ya yi gudu da weji in mota ta tsaya a gangara, ya kwana ƙarƙashinta yana gadi, da safe direba ya zage shi, fasinja ya zage shi, ko sunansa ba wanda ya tambaya. A ƙasar da aka saba sai mai sarauta da mai dukiya ake yi wa kirari, wani ya tashi ya ce wannan yaro ma mutum ne, ya isa a ambace shi. Daga baya ya yi ta Lebura, ya yi ta Mai Akwai da Babu, ya yi ta Auren Dole. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki muryarsa ya kai ta ko'ina ake jin Hausa, har Nijar da Gana da Kamaru.

Mu lura kuma, bai tsaya kan mai dukiya kaɗai ba. Ya yi wa malalaci faɗa, ya yi wa magulmaci. Ta wajen mata kuma marigayiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ta yi ta kiran 'yan'uwanta su kama sana'a. Mai son talaka da gaske yana gaya masa laifinsa kamar yadda yake gaya wa mai cutarsa. A kudu kuma an yi Fela a Ikko, wanda ba mu yarda da yawancin halayensa ba, amma ya yi waƙa a kan talakawa da ke cunkushe cikin motocin haya suna wahala suna murmushi, ya yi a kan sojoji, har suka ƙone gidansa a 1977. In da waƙa iska ce kurum, da masu bindiga ba su ji tsoronta ba.

Me ya sa waƙa ke isa inda huɗuba da jarida ba su isa ba? Dalili uku muka gani. Na farko, ba ta bukatar karatu, kunne ya isa. Na biyu, tana zama a ka. Mutum ya fita masallacin Juma'a, kafin ya kai gida ya manta rabin huɗuba, amma baitin da ya ji yana yaro yana nan har tsufa, shi ya sa mu ma muke koya wa almajirai nahawu da fiƙihu cikin waƙa. Na uku, al'ada ta ba mawaƙi izinin faɗin abin da wani ba ya iya faɗa. Ɗan dako ba zai dubi idon ubangidansa ya ce ladana ya yi kaɗan ba, don gobe ba za a kira shi ba. Sai ya kunna waƙa. Saboda haka, Alhaji, yaran nan ba wasa suke yi bayan buhunanka ba, saƙo suke aiko maka ta hanyar da ba za ta raba su da abincinsu ba.

Saƙon kuwa yana da tushe, don ruwa ba ya tsami banza. A Nuwamba 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133, watau 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilmi da muhalli. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke, kuma a jihar Sakkwato abin ya kai 91 cikin ɗari. Wannan kafin a janye tallafin man fetur ke nan ranar 29 ga Mayu 2023, inda lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na mudu suka bi ta. A Yuli 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ɗan dako da mai tura baro da almajiri ba su cikin masu albashi. Duk da haka, cikin garuruwan nan namu ake bukin da abin da aka watsar a dare ɗaya zai ciyar da unguwa wata guda. Talaka yana gani, ba makaho ba ne.

To amma kada a ce mun wanke mawaƙa sarai. Tsoron da Alhaji ya ambata yana da gaskiya a ciki, kuma aibi biyu muke gani. Na ɗaya shi ne waƙar da ke hura wutar hassada, ta mai da duk mai riga biyu ɓarawo. Musulunci bai haramta arziki ba. Sayyidina Usmanu da Abdurrahmani ɗan Aufu attajirai ne, kuma suna cikin waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna. Mun ga abin da ya faru a zanga-zangar yunwa ta Agusta 2024, yadda kuka na gaskiya ya rikiɗe a wasu garuruwa aka fasa shaguna da ɗakunan ajiya, aka yi hasarar rayuka. Wanda aka fasa wa shago sau da yawa ɗan tireda ne da ya ci bashi ya sari kaya. Duk waƙar da ke kai mutum nan ba faɗakarwa ba ce, fitina ce.

Aibi na biyu ya fi yawa a wannan zamani, shi ne mawaƙin da ake saye. Yau ya yi kuka da tsadar masara har mutane su ce ga namu, gobe a ba shi mota, jibi ka ji shi yana yabon wanda ya zaga. In zaɓe ya matso sai waƙoƙi su cika wayoyi, kowace tana rantsuwa da talaka, bayan zaɓe kuma tsit. Wannan ya mai da yunwar mutane haja. Sai dai kafin mu nuna shi da yatsa, mu tambayi kanmu wa ya koya masa. Wa ke ba maroƙi kyauta in ya yi ƙarya a kan asalinsa, ya hana shi in ya faɗi gaskiya? Kuma mu malamai, babu daga cikinmu waɗanda harshensu ke yin nauyi bayan an kai musu kujerar Makka? Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

A nan ne zancen ya dawo zaurenmu. Suratul Ma'un, wadda ke cikin surorin da yaro ke fara wankewa a allonsa, ta haɗa ƙaryata addini da tunkuɗe maraya da rashin kwaɗaitarwa ga ciyar da miskini. Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu tauye mudu. Suratul Hashri ta nuna ba a son dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Duk abin da Ɗan Maraya ya faɗa da gwangwaninsa, akwai wanda ya fi shi ƙarfi cikin abin da muke biyawa kullum safe da yamma. Me ya sa ɗan dako ya ji shi a bakin mai kuntigi bai ji a bakinmu ba? Domin mun yawaita yi wa talaka wa'azin haƙuri, muka taƙaita yi wa mai dukiya wa'azin haƙƙi. Haƙuri gaskiya ne, amma rabin magana ne. A shekarar yunwa ta 18 bayan hijira Sayyidina Umaru bai tsaya ga cewa a yi haƙuri ba, ya haramta wa kansa nama da man shanu har fatarsa ta canja, ya aika larduna a kawo abinci. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: yaron da ke yawo da kwano ba takalmi, sau da yawa daga tsangayarmu ya fito.

Saboda haka ga shawararmu. Ga 'yan kasuwa: kowa ya san matsayinsa a babin zakka. Mudiri, watau mai juya kaya kullum, zai ƙimanta hajarsa kowace shekara ya haɗa da tsabar kuɗinsa, in sun kai nisabi, dinari 20 ko dirhami 200, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Mai noman damina ya fitar da ushiri, mai ban ruwa da wahala rabin ushiri. A ba da ita ga waɗanda Alƙur'ani ya ambata, ba a tara mutane a ƙofar gida a watsa musu canji suna turereniya ba. A gyara mudu. Kada a kulle hatsi ana jiran ya yi tsada alhali mutane na kwana da yunwa. A biya ɗan dako nan take, kuma in kuɗin buhu ya ninka, ladan ɗaukarsa ma ya motsa.

Ga malamai: mu mayar da babin ciniki da ijara da zakka cikin karatun zaure da tafsirin azumi, mu karanta su ko attajirin unguwa yana sahun gaba. Masu baiwar tsara waƙa daga cikinmu su farfaɗo da gadon Shehu da Nana Asma'u da Aliyu Namangi mai Imfiraji, su tsara baitoci a kan halin da ake ciki, ba sai da kiɗa ba. Uba kuma da ya kawo yaro karatu a tambaye shi abin da yaron zai ci.

Ga mawaƙa: ku faɗi abin da kuka gani, kada ku ƙara, kada ku ambaci mutum da abin da ba ku tabbatar ba, kada kuma ku sayar da kukan da aka ba ku amana.

Kai kuwa Alhaji, ba mu ce ka kunna waƙa a rumfarka ba. Abin da muka ce shi ne gobe da safe ka kira yaran nan, ka tambaye su nawa suke samu a wuni, nawa ne mudun gero, mutum nawa kowannensu ke ciyarwa. Ka yi lissafin da kanka, ai ka fi mu iya lissafi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya sa mu ji gaskiya daga duk bakin da ta fito, ya ba mu ikon binta, ya sawwaƙe wa talakawa, ya sa albarka cikin dukiyar masu fitar da haƙƙi, ya jiƙan magabatanmu. Amin. Haza wassalamu.